Daga Varuna zuwa Sarkin Rafi



Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya sha jin gargaɗin iyaye: kada ka je kogin Kubanni da tsakar rana, 'yan ruwa na nan. Masu bori ma suna da nasu, Sarkin Rafi. A Daura kuwa an ce maciji ne ya tare rijiyar Kusugu, ba ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare shi.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. A can Indiya, mabiya addinin Hindu suna da Varuna, wanda suka ɗauka shi ke mulkin teku da koguna. Sunansa na cikin Rigveda, tsohon littafinsu. Suna zana shi bisa wata dabbar ruwa mai kama da kada, riƙe da igiyar zarge masu laifi.

Mu dai Musulmi ne, mun san mai ruwa Allah ne. Amma gargaɗin kakanninmu ya tsare yara da yawa. Yanzu tsoron ya kau, Kubanni kuwa bai fasa cika da damina ba. Iyaye, a sa ido kan yara.