Baƙinmu na gudun hijira: karatun ɗiyansu da abin bakinsu

Mai gari, liman, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, Agadas, Kwatano da sauran wuraren bida, muna gaishe ku da gajiyar hanya. Ƙungiya ta ba mu, mu malaman lakwal, izinin magana kan zance guda, shi ne na mutanen da ƴan bindiga sunka koro daga Najeriya sunka sauka garinmu: yaya ɗiyansu za su yi karatu, kuma da mi za su ci. Za a buga jawabin cikin takardar ƙungiya saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kun san yadda abin ya soma. Cikin watan Afrilu na 2019 mutane sunka fara ƙetaro iyaka daga ƙasashen Sakkwato, Zamfara da Katsina, mafi yawansu mata da yara. Kafin watan Mayu ya fita, hukumar HCR ta ƙidaya kamar mutum 20.000. Cikin Maris na 2021 ta ce jihar Maraɗi na riƙe da ƴan hijira kamar 77.000 daga Najeriya, ban da namu ƴan ƙasa na yankin Madarunfa da Gidan Rumji da su ma sunka bar gidajensu saboda satar shanu da satar mutane. An kai wasu Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori don a nisanta su da iyaka. Da yawa kuma sun zauna cikin garuruwa irin namu, cikin zaurukanmu da bayan dangarmu.

Iyayenmu dattawa sun fi mu sanin su wane ne waɗanga mutane. Katsinawan da sunka kafa Maraɗi gudu sunka yi bayan jihadi. Gobirawa sunka kafa Tsibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, kuma daga Tsibiri ne Ɗan Halima ya tashi ya kafa Sabon Birni. Mutumin Sabon Birni da ya sauka ƙofar gidanka da tabarma ɗaya, in ka bi salsala, ƙila kakanku guda. Iyakar da ta raba mu, Turawa sunka ja ta.

To, mu zo ga lakwal, nan ne muke da abin faɗi. Yaran da sunka zo iri uku ne. Akwai ƙanana ƴan shekara shida ko bakwai, su ba su da wuya, CI za su shiga tare da namu, kuma kafin wata uku ba ka rarrabe su. Akwai waɗanda sunka yi firamare can da Turancin Ingila. Yaro ya kai aji huɗu, ya iya ƙidaya da tarawa da ɗebewa, ya iya haɗa baƙaƙe, amma bai san ko kalma guda ta Faransanci ba. Akwai kuma waɗanda makarantar allo kaɗai sunka sani, ga su sun kai shekara goma ko goma sha ɗaya. Waɗanga biyu na ƙarshe su ne damuwarmu. In munka zaunar da ɗan shekara goma sha ɗaya kan tabarma guda da ɗan shekara shida, kunya za ta kore shi kafin sati biyu. Gobe sai ka gan shi tasha yana dako, ko ya bi mota zuwa Agadas, ko wajen haƙar zinariya. Mu da muke riƙe da alli mun ga haka na faruwa ga ɗiyan gari ma, balle baƙo.

Akwai maganin da anka gwada cikin ƙasarmu, shi ne ajin da ake kira pasarel, wato ajin gada. Wata tara ake yi. Wata biyun farko da harshen gida ake koya wa yaro karatu da rubutu, sannan a juya Faransanci, ƙarshen shekara a gwada shi a sa shi ajin da ya dace da ƙarfinsa cikin lakwal. Dalilin da ya sa abin ke tafiya shi ne, yaron da ya gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali cikin Hausa, ba ya sake koyon wannan, harshe kaɗai ya rage mishi. Muna ganin a roƙi ofishin insfekta ya ba mu irin wanga aji. Amma ko an ba mu malami, ɗakin mu ne za mu yi.

Kan zancen ɗaki muna da magana mai nauyi. Mun san rumfar zana ta fi araha, gayya guda ta isa. Amma kun tuna watan Afrilu na 2021, wuta ta kama azuzuwan zana cikin Yamai, yara kamar 20 sunka rasu. Watan Nuwamba na shekarar nan kuma, nan cikin Maraɗi, fiye da yara 20 sunka ƙone cikin irin waɗanga rumfuna. Allah shi jiƙan su. Mu ba mu yarda a tara ɗiyan mutanen da sunka tsere wa bindiga cikin kara da zana ba. Samari su buga tubali bayan girbi, ƙungiya ta sayi kwano, katako da ƙofa mai buɗewa waje.

Sai takardar haihuwa. Ɗan da anka haifa nan garinmu, ko uwarsa baƙuwa ce, a kai sunansa cikin kwana 60 kamar yadda dokar 2019 ta ce. In an wuce, sai an bi ta gidan shari'a, kuma yaro marar takarda yana shan wuya ranar jarrabawa. Ungozoma da matan liman, wannan aikinku ne ranar suna.

Iyayenmu mata, ɗiya mata su ne ke fara faɗuwa. Uwa ba ta da kwabo, sai ta aza wa yarinya tiren talla, bayan shekara guda a yi mata aure don a rage baki guda ga tukunya. Ba mu zargi uwar ba, yunwa ce ta sa ta. Shi ya sa zancen karatu ba ya rabuwa da na abinci, kuma kada mu dogara ga farar mota. A 2025 Amurka ta yanke mafi yawan taimakon da take bai wa ƙasashen waje, ƙungiyoyin agaji da dama sun rage aiki. Buhun da ake rabawa yau, ba wanda ya yi alkawarin baɗi.

Waɗanga mutane manoma ne, gona sunka rasa. Mun san ƙasa ta yi mana kaɗan, gandu ya rarrabu har wani ba ya cika rumbu. Duk da haka wanda ke da saura ya ba da aro, amma a rubuta gaban mai gari da kwamitin ƙasa na gari, a faɗi iyaka, a faɗi damana nawa. Wasu na jin rubutu kamar rashin yarda ne. Mu muna ganin shi ke hana ɗiyan mai gona da ɗiyan mai aro su tsaya gaban alƙali nan da shekara goma. Haka zancen itace: gawo da sauran itatuwan da munka raya cikin gonaki ba na sara ba ne. A nuna wa baƙi inda za su yi itace, tun ba a kai ga faɗa bakin gona ba.

Ga mata akwai hanya biyu da munka sani. Asusun Mata Masu Dubara nan ƙasar Maraɗi aka fara shi a 1991, kuma mun ga mata sun tashi da shi, suna man gujiya da ƙuli-ƙuli, suna saƙar tabarmar kaba. Muna roƙon kowace ƙungiya ta buɗe wa baƙuwa biyu ko uku wuri, ko da zubinsu dala ashirin ne a sati. Ta biyu ita ce habbanaye, irin na Fulani: a ba mace akuya, ta haihu, ta riƙe ƴaƴan, uwar ta wuce ga wata.

Mun ji ana ƙus-ƙus cewa cikin baƙi akwai masu kai wa ɓarayi labari. Tsoro gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Duk wanda ya sauka, mai masaukinsa ya kai shi ga mai gari a rubuta sunansa da garin da ya fito. Wanda anka ga abin zargi gare shi a faɗa wa hukuma. Amma yaro ɗan shekara takwas bai san komi ba, kuma ba za mu tambayi ƙabilarsa ba ƙofar aji.

Ku ƴan bida, ga abin da muke roƙo. Kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya zuba jikka guda a wata har wata shida. Rabi ya tafi ga kwano da katako, sauran ga kaye, bik, allo da alli, abin da ya rage a sayi awaki. Masu sana'a, tela, makanike, magini, kowa ya ɗauki saurayi guda cikin waɗanda sunka wuce shekarun lakwal ya koya mishi. Dattawa kuma mu roƙe su tiya guda ta hatsi daga kowane gida lokacin girbi, don yara su samu kunu da hantsi.

Kuɗi su bi ta hannun ma'ajin ƙungiya, a ba kowa takardar shaida, kuma za a buga lissafin cikin takarda mai zuwa. Mu malamai za mu bi gida gida da wakilin mai gari mu rubuta sunayen yara da shekarunsu kafin a koma lakwal cikin watan Oktoba. Wanda ke da gonar aro ko akuya ya tsaya bayan addu'a, sakatare na nan da littafinsa.