Wa Ya Faɗa Maka? Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara-shekara na Tsofaffin Ɗalibai a Tambuwal



Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu, wakilin uban ƙasa, ranka ya daɗe, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai, na raye Allah Ya ƙara muku lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai na nesa da na kusa, barkanmu da sake saduwa.

Lokacin da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce kwamiti ya ɗora mini nauyin yin magana a kan wayar salula da intanet da irin surutun da muke yi a cikinsu, sai na ce masa ya sake duba takardarsa, wataƙila ya yi kuskuren suna. Ni ba injiniya ba ne, kuma duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san yadda muka ƙare da lissafi. Sai ya yi dariya, ya ce ai ba don ilimi aka zaɓe ni ba, an zaɓe ni ne saboda ni ne na kashe Malam. To, tun da haka ne, gara in fara da amsa laifina a gaban jama'a.

Wata ranar Talata da damina, bayan sallar asuba, na buɗe waya na tarar da saƙo a wani zaure na WhatsApp cewa Allah Ya yi wa malaminmu na Tarihi rasuwa a Kebbe, za a yi jana'iza da ƙarfe 2 na rana. Ban kira kowa ba, ban tambayi kowa ba. Na yi salati, na ƙara addu'a a ƙasan saƙon, na tura zauren ajinmu. Kafin hantsi ya dubi ludayi mutum uku sun kamo hanya daga Sakkwato, ɗaya ya taso daga Birnin Kebbi, na Abuja kuma ya turo kuɗin sadaka. Da suka isa Kebbe sai suka tarar da Malam zaune a ƙofar gidansa bisa tabarma, rediyo a gefensa. Ya dube su ya ce, "Lahiya kuka taho da ranar ga?" Aka rasa mai amsawa. Ashe wani mai suna irin nasa ne ya rasu a wani gari dabam.

Na ga kuna dariya, kuma Malam ma ga shi can yana murmushi. Amma akwai ɓangaren labarin da ba na dariya ba ne. 'Yarsa da ke aure a Jega, tana da tsohon ciki a lokacin, ta hanyar saƙon nan nawa ta ji, domin wani ya ɗauka daga zaurenmu ya kai wa mijinta. Ta yanke jiki ta faɗi, sai da aka kwana da ita a asibiti. Allah Ya kiyaye, ta sauka lafiya daga baya. Da na je ba Malam haƙuri, bai yi mini faɗa ba. Tambayar nan tasa ta aji uku ya maimaita mini, wadda yakan yi wa duk wanda ya kawo masa labari a darasin Tarihi: "Wa ya hwaɗa maka? Shi kuma wa ya hwaɗa mai?" Na tsaya da furfurata ba ni da amsa, kamar yadda na saba tsayawa a gabansa ina yaro.

Jama'a, mu tuna yadda labari yake zuwa mana a da. Wasiƙa ce a ambulan da kan sarki, takan yi mako biyu a hanya, a kira sunanka a wurin taron safe ka fito kana taƙama. Mai son buga waya kuwa sai ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato, ya bi layi a ofishin NITEL. Labarin duniya yana wurin Rima Rediyo da Rediyon Kaduna da BBC, mutum goma a kan akwati ɗaya, ana lallaɓa batir. A haka muka ji an sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a watan Afrilun 1996, a haka muka ji rasuwar Janar Sani Abacha a watan Yunin 1998. Kada wani ya ce a lokacin babu ji-ta-ji-ta. Akwai ta, kuma mai ƙarfi. A 2003 maganar baki ce kawai ta sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, ba a tabbatar da an rabu da ita a Nijeriya ba sai a 2020. Bambancin shi ne a da ƙarya da ƙafa take tafiya. Kafin ta tashi daga tashar Tambuwal ta kai Kuchi, ta haɗu da direba ko ɗan kasuwa ko wani dattijo da ya san gaskiyar lamarin, ya tare ta. Yanzu ba ta yada zango ko'ina.

Ba na zo nan ne don in tsine wa waya ba, domin zan zama butulu. Tun da aka fara wayar salula a ƙasar nan a watan Agustan 2001, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci, rayuwar ƙauyukanmu ta sauya. Manomin albasa ba ya loda buhu sai ya kira Aliero da Legas ya ji farashi. Mai shinkafa a fadamar Kebbe yana ciniki da mutumin Kano ba tare da sun ga juna ba. Mace na naƙuda da tsakar dare, kira ɗaya ya kawo mai babur. Wanda ya manta da darajar abin, ya tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Tambuwal a ciki, bayan an fara yin haka a Zamfara. Mun ga yadda mutane suke hawa mota su bar gari don kawai su gaida iyalansu ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Haka kuma a farkon 2023, da aka sauya takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, tsohon da ya rantse ba zai taɓa ajiye kuɗinsa a waya ba, shi ne muka gani a layin mai POS yana tambaya ko alat ya shigo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jabo. A daren 25 ga Disambar 2025 wani abu ya faɗo a gonakin Jabo da ƙara da haske, a nan ƙaramar hukumarmu. Mutanen da abin ya faɗo a bayan gidajensu ba su san mene ne ba. Shugaban Amurka Donald Trump ne ya fara sanar wa duniya a shafinsa na intanet cewa sojojinsa sun kai hari a arewa maso yammacin Nijeriya, daga baya gwamnatin tarayya ta ce da saninta aka yi, an nufi maɓoyar 'yan ta'adda ne a yankin Tangaza, kuma tarkacen makamai ne suka faɗo a Jabo da kuma Offa ta Jihar Kwara. Allah Ya tsare, ba a rasa rai a Jabo ba. Ku duba wannan al'amari da kyau. Ɗan Jabo da ke zaune a Legas ya riga mahaifinsa da ke kwance a Jabo sanin daga ina abin ya fito. Wannan amfanin waya ne, ba mai musu. Amma a wannan daren, a zaurenmu na aji, an turo hotunan bidiyo na wuta tana cin gidaje, aka ce Jabo ce. Wani abokinmu ya kira ƙanensa da ke can, ya ce masa ba gidan da ya ƙone. Kafin ya dawo ya faɗa mana, hoton ya riga ya tafi zaure nawa, Allah kaɗai Ya sani. Kira ɗaya na minti biyu ya isa, kuma kusan dukkanmu muna da wanda za mu kira a Jabo. Mutum ɗaya ne ya kira.

Sai kuma majalisa. A da, in an zauna wurin mai shayi, akwai wanda aka sani da sauraron rediyo, shi ake tambaya. Yau kowa malami ne. Wanda bai taɓa wuce Gusau ba zai warware maka yaƙin Rasha da Yukiren tun daga tushe. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, kowane benci a Tambuwal ya zama ofishin jakadanci. Ni ban ga laifin wannan ba, gaskiya. Talaka ya damu da abin da ke faruwa a duniya, ai ci gaba ne, kuma rufe iyakar Illela ya taɓa aljihunsa kai tsaye. Inda nake da ja shi ne hujjar da ake kafawa. Ka tambayi mutum inda ya samo magana, sai ya ce, "A waya na gani." Waya ba mutum ba ce. A watan Agustan 2014 "a waya" aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha don maganin Ebola, mutane suka tashi da tsakar dare suna dafa ruwa, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. A 2018 "a waya" aka ce Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito da bakinsa a ƙasar Poland ya ce shi ne dai. Masu digiri sun yarda da wannan, na san wasu, ba zan nuna da yatsa ba.

Kuma abin yana ƙara wuya. Mun taso ana ce mana gani ya kori ji. To yanzu ganin ma yana bukatar shaida. Da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, yaro zai iya ɗaukar muryar malami ko basarake ya sa ta faɗi abin da mai ita bai taɓa faɗa ba, har da motsin baki. Ana amfani da wannan wajen tallan maganin bogi da neman kuɗi. Su ma masu cin dukiyar mutane sun koma can. MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, aka ce an yi hankali. A 2024 muka ga samarinmu sun duƙufa suna dangwalar waya dare da rana da sunan mainin, akasarinsu ko kuɗin data ba su mayar ba. A Afrilun 2025 kuma CBEX ta tafi da nata rabon. Duk wanda ya shiga, wani wanda ya yarda da shi ne ya turo masa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafi wannan makaranta, don shi ne dalilin da ya sa na yarda na tsaya a nan. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, ita ma WAEC ta kama hanyar. Na raka ɗan ƙanwata daga wani ƙauye na Kebbe zuwa cibiyar jarrabawa. Yaron nan ya fi ni iya waya nesa ba kusa ba, ya san kowane ɗan barkwanci na TikTok da sunansa. Amma ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta. Ya ce mini kusan rubu'in lokacinsa ya tafi wajen neman yadda zai koma tambayar da ya tsallake. Ya san amsa, hannu ne bai saba ba. Irinsa nawa ne a azuzuwan da ke bayanmu? Mu muna can muna gardamar Trump da Putin a zaure, ƙannenmu da 'ya'yanmu suna faɗuwa jarrabawa a kan abin da mako biyu na koyo zai magance.

Saboda haka ina roƙon shugaba ya sa abu biyu a cikin ajandar yau. Na farko, kuɗin da muka saba kashewa a kan kalanda da riguna na taro, a wannan karon a haɗa da gudummawar da za a tara a gyara tsohon ɗakin karatu, a sa masa sola, a fara da kwamfuta ko da goma ce, ko da na hannu ne. A cikinmu akwai waɗanda wannan ne aikinsu, na yi magana da biyu, sun yarda su riƙa zuwa ranar Asabar bi da bi suna koya wa 'yan ajin ƙarshe. Kada a saya a kulle a jira ranar da babban baƙo zai zo yanke ƙyalle, mun ga irin wannan a wurare da yawa. A ba malami ɗaya mabuɗi, a rubuta sunansa, a riƙa tambayarsa.

Na biyu ba ya cin ko kwabo. A zaurukanmu na aji, sanarwar rasuwa, ko ta hari, ko ta neman taimakon kuɗi, kada a sake ta sai mai turowa ya rubuta sunan wanda ya ji daga bakinsa, kuma sakatare ya kira iyalin ko wani mazaunin garin ya tabbatar. Wanda ya karya wannan, tarar buhun siminti ɗaya ga ɗakin kwamfuta. Ni na riga na biya nawa, rasit yana hannun ma'aji, kuma na ƙara ɗaya saboda 'yar Malam.

Malam, ka yafe mini a gida, ina so ka sake yafe mini a gaban ɗalibanka. Shugaba, ga takardar alkawarin gudummawa nan zan miƙa maka, a fara zagayawa da ita daga layin gaba, inda na ga manyan riguna sun fi yawa.