Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Gwaje-gwajen Asibiti

 

Mai girma shugaban taro, malamai abokan aikina, iyayenmu maza da mata da suka baro garuruwansu tun asuba, da ku 'ya'yana da muke yayewa a yau, ina yi muku barka da zuwa.

Iyaye, ku ba ni dama in ɗan taɓa ilimin da yaranku suka kwana a kansa. Tantanin hanta da tantanin ido duk rubutun gado iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne ɗakunan da aka buɗe da waɗanda aka sa wa kwaɗo. Wannan fanni ana kiransa ifijenetik, sunan da Conrad Waddington ya raɗa masa a 1942. Kwaɗon kuwa wani ɗan sinadari ne mai suna metil, yana maƙale wa DNA, wato rubutun gadon, ya hana a karanta wurin, alhali ko harafi ɗaya bai goge ba.

A ciwon daji kwaɗon nan yakan ɓata hanya. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka nuna cewa tsarin metil ya rikice a tantanin sankara. Daga baya aka gano abin da ya fi tayar da hankali: ƙwayoyin gado masu gadin jiki, irin su BRCA1 a sankarar mama da MLH1 a ta hanji, lafiyarsu ƙalau a wasu majinyata, an dai kulle su a ɗaki ne, ɓarawo yana ta ɗiba a tsakar gida.

Ranar da na fara fahimtar haka, ban yi barci da wuri ba, domin abin da aka kulle ana iya buɗe shi. Azasitidin, maganin da ke buɗe kwaɗon, wanda aka haɗa a Cekoslobakiya tun 1964, sai a 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wani ciwon ɓargo da kan rikiɗe ya zama sankarar jini. Disitabin ya biyo baya a 2006. Magungunan nan sun fi cin nasara a cututtukan jini. A ƙari mai tauri har yanzu da sauran aiki. A sankarar ƙwaƙwalwa kuwa, duba kwaɗon da ke kan ƙwayar gado ta MGMT yana nuna wa likita ko maganin timozolomaid zai yi wa majinyaci amfani sosai.

Hannun ma'aikacin ɗakin gwaji ne ke yin wannan dubawa, 'ya'yana. Majinyatanmu da yawa suna zuwa asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, sun sayar da akuya da gona. Ina roƙonku, duk ɗan naman da aka kawo muku a kwalba, ku rubuta sunan mai shi daidai, ku duba shi a natse, ku fitar da sakamako kan lokaci.

Allah ya yi muku albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.