Da Wane Suna Aka Ɗaura Auren?

 

Tun da muka kammala karanta muku littafin nan, saƙonninku ba su yanke ba. Ga wadda ba ta samu ji ba, marubuciyar ta ƙago wata ƙasa ce inda hukuma ta kafa kunne a kowane zaure. Ko taron suna ba a yi sai da takardar izini, maƙwabci kuma yana kai rahoton maƙwabcinsa. Sai aka turo wani saurayi jami'in leƙen asiri, ya buɗe shagon ɗinki a unguwa da sunan da ba nasa ba, don ya gano inda wani malamin makaranta ya ɓuya. Da ya rasa hanya sai ya nemi auren ƙanwar malamin, aka ba shi. Daga baya son gaskiya ya kama shi, ranar da aka zo kama yayanta ya bijire wa manyansa ya tserar da su. Ta yi kuka, ta yafe, littafi ya ƙare.

'Yan mata da yawa, musamman daga Mabera da Runjin Sambo, sun ce wannan shi ne namiji, tunda ya sayar da ransa saboda ita. Wata ma cewa ta yi Allah Ya ba ta irinsa! Wasu kuma ƙasar ce ta tsaya musu a rai, suka ce kowa a wurin tsoro ke juya shi, har shi telan, don haka a yi masa uzuri. Amma saƙon da ya fi tsayar da ni na wata dattijuwa ne daga Ƙofar Atiku, wadda jikarta ta rubuto mata. Ta ce, “Wanga yaro maci amana na. Ku tambayi mai littahin, da wane suna anka ɗaura auren?”

To Inna, kin yi tambaya. Waliyyin yarinya ya ba da ita ga tela mai suna kaza, ɗan gidan wane, alhali babu wannan mutum a duniya. Sadaki daga aljihun hukuma ya fito. Hirar da take yi masa da dare tana zaton mijinta take gaya wa, da safe a ofis ake karanta ta. Marubuciyar ta ba wa jarumtarsa babi uku, ta ba wa wannan ciwo shafi ɗaya.

Kada ku ɗauka a littafi kawai ake haka. A Jamus ta Gabas, kafin katangar Berlin ta faɗi a 1989, akwai hukumar leƙen asiri da ake kira Stasi. Wata mata mai adawa da gwamnati, Vera Lengsfeld, ta daɗe tana mamakin yadda hukuma ke sanin abin da ta faɗa a cikin ɗakinta. Sai a 1991, bayan gwamnatin ta rushe, ta gano cewa mai kai rahoton nata, wanda takardu ke kira Donald, mijinta ne, uban 'ya'yanta. Auren ya mutu. Bayan shekaru ya nemi gafara, ta yafe masa, amma ba ta koma ɗakinsa ba. Kun ga yafiya daban, komawa daban.

A Ingila ma haka. 'Yan sandan ciki sun riƙa shiga ƙungiyoyin masu zanga-zanga da sunayen bogi, wasu sunayen ma na yaran da suka mutu ne. Suka nemi mata a cikin ƙungiyoyin, suka zauna da su shekaru, har akwai wanda aka haifa wa ɗa, rannan aka wayi gari ya ɓace. Asirin ɗaya daga cikinsu, Mark Kennedy, ya tonu a 2010. A watan Nuwamba na 2015 rundunar 'yan sandan Landan ta fito ta roƙi mata bakwai gafara, ta biya su diyya. Matan nan ba su ce sun samu jarumai ba, kotu suka tafi.

Shi kuwa George Orwell, Baturen da aka fassara wani littafinsa zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi, ya rubuta labarin irin wannan ƙasa a littafinsa 1984, wanda ya fito a 1949. Masoyan nasa ɗaki suka kama haya a saman shagon wani tsoho mai fara'a, ashe tsohon ɗan sandan ciki ne. Da aka kama su aka gana musu azaba, kowa ya ba da ɗan uwansa. Shi bai yarda so na tsira a inda amana ta mutu ba. Namu marubutan sun fi shi tausayin mai karatu, kuma ban ga laifinsu ba. Mace ta wuni tana girki da raino, ba ta son a aika ta barci da baƙin ciki.

Ni ba na cikin masu cewa a ƙone littattafan soyayya, kamar yadda aka yi a Kano a 2007. Tun So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, mata nawa ne karatunsu na boko ya zauna ta wannan hanya a cikin ɗaki? Abin da ke damuna shi ne yadda a littattafan da ke yawo a wayoyi yanzu, ɓoye-ɓoye ya zama ado ga namiji. Jarumi ba ya faɗin aikinsa, ba a san danginsa ba, yana ɓacewa wata biyu, yarinya kuma tana ƙara narkewa.

Sai ga shi a zaurenmu. Saurayi ya zo da mota mai baƙin gilashi, a tambaye shi sana'a ya ce aikin hukumar farin kaya yake, ba a faɗa. Yarinya ta riga ta karanta irinsa sau goma, ita ce ma za ta hana a matsa masa. Uwa tana cikin gida, ba ta fita ta gane wa idonta. To amma ai kina da ƙafafu a waje: ƙannenki maza, kawunnan yarinya, limamin unguwarsu, har tsohuwar nan mai kawo miki turare da ta san kowane gida daga Kanwuri zuwa Arkilla. Ma'aikacin tsaro na gaskiya yana iya ɓoye abin da yake yi a ofis. Ba ya ɓoye gidan ubansa, da sunan da aka raɗa masa, da matar da ke gare shi. In ya ce waɗannan ma sirrin aiki ne, a bar kayan lefensa a zaure tukuna.

Wadda ta ce Allah Ya ba ta irinsa, ɗiyata, ki rubuto mana ki faɗa mana wanne kike nufi, telan ko jami'in. Za mu karanta amsarki a shiri na gaba, tare da sauran saƙonnin da lokaci bai bari mun taɓa ba.