Me ke hana jini daskarewa a cikin jijiya?

In reza ta yanke ka, cikin 'yan mintoci jinin ya daskare ya toshe ciwon. To me ya hana shi yin haka a cikin jijiyoyinka?

Daskarewar jini aikin wasu sinadarai ne da ke tayar da juna ɗaya bayan ɗaya. Kusa da ƙarshe akwai fakta 10, shi ke tayar da trombin, trombin kuma ya saƙa zaren fibrin da ke riƙe gudan jini. In ba birki, wannan aikin zai wuce gona da iri.

Birkin wani furotin ne da hanta ke yi, sunansa antitrombin. Kamar tarkon ɓera yake. Yakan miƙo wani ɗan yanki nasa, trombin ya zo zai datse, sai tarkon ya faɗa ya riƙe shi gam. Daga nan trombin ya tashi daga aiki, hanta ta kwashe su tare.

Sai dai fa antitrombin shi kaɗai sanyin jiki gare shi. Abin da ke zaburar da shi wasu dogayen sarƙoƙin sukari ne. A bangon jijiya akwai heparan salfet, a asibiti kuma akwai allurar heparin. Da zarar wani jerin sukari 5 ya manne masa, siffarsa ta canja, saurinsa kan ninka har wajen sau 1,000. Fakta 10, waɗannan 5 ɗin ma sun ishe shi. Amma trombin sai sarƙar ta kai aƙalla 18, don ta haɗa su biyun waje guda. Bayan kamun, heparin ya saki ya nemi wani antitrombin.

A 1916 wani ɗalibin likitanci, Jay McLean, ya fara aikin da ya kai ga gano heparin a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. A 1965 kuma Olav Egeberg ya bayyana wani dangi a Norway da suka gaji ƙarancin antitrombin, jini na yawan daskare musu.

Shi ya sa ake ba da heparin wajen wankin ƙoda, da bayan babbar tiyata, da wasu masu juna biyu, tunda ba ya ratsa mabiyiya. Ku lura, ba ya narkar da gudan da ya riga ya samu, hana shi girma yake yi.

Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman bayan haihuwa ko doguwar jinya? Kar a tsaya gasawa da ruwan zafi, a tafi asibiti, don gudan na iya ɓallewa ya toshe huhu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.