Fashin Makaranta a Birnin Katsina



Maganarmu ta yau ba a kan yaron da ba a taɓa sa shi makaranta ba take. Wannan kowa ya san da shi. Muna magana ne a kan wanda sunansa ke cikin rajista amma gurbinsa a aji wayam, watau yau ya zo, gobe da jibi babu labarinsa, har zango ya ƙare.

Ciwon ya daɗe. Ko da yake a garin nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a zamanin En'e hakimai da dagatai ake ɗora wa kawo yara elementare, iyaye kuwa suna ta ɓoye su. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, malamai ba su wadata ba. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta shekara tara, ta ce uban da ya saɓa a tsawata masa, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. To, wa muka taɓa jin an ɗaure?

Mu dai a ganinmu tara ba ta kai ga tushen abin ba. Ku fita Ƙofar Ƙaura da hantsi, ku dubi 'yan matan da ke ɗauke da farantin talla. Yarinyar nan ba ƙin karatu take yi ba. Uwarta tana cikin gida, cinikin nan ne cefanensu, shi ne kuma kayan ɗakinta in aure ya zo. Yaro kuwa ga gareji, ga kasuwa, ga gona in damina ta faɗi. Har wa yau akwai tsoro: bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, Gwamnati ta rufe makarantu, kuma ba duk iyaye ne hankalinsu ya kwanta ba sa'ad da aka buɗe.

Amma laifinmu fa? Yaron da ya makara saboda ɗebo ruwa, in ya hango bulala a bakin ƙofa sai ya juya. Da hannunmu mun mayar da latti fashi. Malamin da shi kansa ba ya zuwa ran Jumma'a, da wane baki zai tsawata?

Saboda haka, wanda aka tura koyarwa a cikinmu ya kira suna da safe, ya sake kira bayan tara, domin a lokacin ne aji ke zurarewa. Yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a bi shi gida tare da mai unguwa, a yi sallama da uban a zaure, a tambayi dalili tukuna.