Malamai Da Ɗaliban Laberiya Bayan Yaƙi

In kina tankaɗe ko kina tsefe wa yarinya kai, ci gaba da abinki, kunne kawai nake roƙo. Yau ba maganar girki ko raino za mu yi ba. Tafiya za mu yi zuwa ƙasar Laberiya, can bakin teku, tsakanin Saliyo da Gini da Kwaddebuwa, mu ji abin da ya sa malamai da ɗalibai suka riƙa fitowa kan titi suna zanga-zanga bayan an gama yaƙi.

Na san wata za ta ce, to ni da nake cikin gida, ina ruwana da Laberiya? Akwai ruwanki, 'yar uwa. A 1990 sojojin Nijeriya suka tafi can a cikin rundunar ECOMOG, kuma da yawa ba su dawo ba. Wataƙila ma a cikin masu saurarena akwai wadda ta yi takaba saboda wannan yaƙi. Sannan Janar Abdussalami Abubakar shi ne ya shiga tsakani a zaman sulhun da aka yi a Akra a 2003. Kin ga ashe ba labarin nesa ba ne.

Yaƙin ya fara ne a watan Disamba na 1989, lokacin da Charles Taylor ya shigo da mayaƙansa ta yankin Nimba don ya kawar da gwamnatin Samuel Doe. An ɗan lafa a 1997, aka sake ɓarkewa a 1999, ba a ajiye makamai ba sai a watan Agusta na 2003. An ƙiyasta mutum wajen 250,000 suka rasa rayukansu. An ƙone makarantu, an kwashe kwanon rufi da benci, malamai wasu an kashe su, wasu sun yi gudun hijira. Yara ƙanana kuwa, waɗanda ya kamata a ce suna koyon baƙi da wasali, su aka miƙa wa bindiga. Da aka zo karɓar makamai bayan yaƙi, fiye da mutum 100,000 suka miƙa nasu, kuma dubbai daga cikinsu yara ne. Allah Ya kiyashe mu da ganin irin wannan rana.

To, an daina harbi, sai kuma me? Ki ɗauka gobara ce ta cinye gida. Ranar da aka kashe wutar, ranar ce aiki ya fara. Haka makarantun Laberiya suka kasance. Saurayi mai gemu ya dawo aji ɗaya da ƙaninsa, har sai da aka ƙirƙiro wani tsari na gaggawa wanda ake haɗe karatun firamare na shekara 6 a yi shi cikin shekara 3. Gwamnatin Ellen Johnson Sirleaf, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, wadda ta hau mulki a 2006, ta matsa a kan cewa firamare kyauta ce kuma dole. Iyaye suka yi murna, yara suka cika azuzuwa maƙil. Amma ina malaman? Da yawa ba su da horon koyarwa. Wasu 'yan sa-kai ne, suna koyarwa shekara da shekaru sunansu bai shiga takardar albashi ba. A gefe guda kuma takardar cike take da malaman bogi, sunayen da ake karɓar kuɗi da su alhali babu mai su a cikin aji.

Yanzu ki sa kanki a matsayin matar malami. Wata ya ƙare babu albashi, na biyu ya bi bayansa, mai shago ya daina ba da bashi, mai gidan haya yana sallama kullum da safe. Yaya za ki ce masa ya je ya tsaya gaban allo da ƙarfinsa? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan shi ne tushen yawancin yajin aikin malaman ƙasar.

A watan Maris na 2011 malaman makarantun gwamnati na Monrobiya, babban birnin ƙasar, suka ajiye alli a kan maganar albashi. Da ɗalibai suka gaji da zuwa suna tarar da aji babu malami, sai suka fito kan titi da kayan makarantarsu, suna neman gwamnati ta biya malamansu. A ranar 22 ga watan, 'yan sanda suka far musu da duka, har suka bi su cikin harabar makarantar sakandare ta G. W. Gibson. Ɗalibai da dama suka jikkata. Hankalin jama'a ya tashi ƙwarai, shugabar ƙasa ta kafa kwamitin bincike, daga baya aka hukunta wasu manyan 'yan sanda, har da dakatar da shugabansu na wani lokaci.

Za ki ce an ɗauki darasi ke nan. Ina! A watan Oktoba na 2019, zamanin Shugaba George Weah, tsohon ɗan ƙwallon nan, kayan masarufi sun yi tsada, albashin ma'aikata yana makara, malaman Monrobiya suka sake shiga yajin aiki. Ɗalibai suka sake fitowa suka tare babban titi. Aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka kwashi wasu zuwa asibiti. Abin da ya fi ci wa yaran rai shi ne, 'ya'yan manya suna can a makarantun kuɗi karatunsu bai tsaya ba, su kuwa 'ya'yan talakawa jarrabawa tana matsowa, ga shi babu mai koya musu.

Kada ki ce fitina ce kawai irin ta yara. Ki ji wannan. A 2013 mutum kusan 25,000 suka zauna jarrabawar shiga Jami'ar Laberiya, kuma babu ko ɗaya da ya ci. Ko ɗaya fa! Sai daga baya aka sassauta aka ɗauki wajen 1,800. A 2014 kuma cutar Ebola ta shigo, aka rufe makarantu har sai watan Fabrairu na 2015. A 2016 gwamnati ta miƙa wasu makarantun firamare ga kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu su gudanar a matsayin gwaji, ƙungiyar malamai ta ƙasa ta ce ba ta yarda ba, aka sake shiga sa-in-sa. Yaron da ya ga duk wannan, ya san cewa abin da ake wasa da shi rayuwarsa ce.

Akwai kuma tsoro ta ɓangare biyu. Hukuma a ƙasar da ta fito daga yaƙi, da ta ga taron matasa sai gabanta ya faɗi, ta tuna yadda abin ya faro. Ɗalibai su ma ba su manta ba cewa a watan Agusta na 1984 sojojin Doe sun kutsa cikin jami'a sun yi wa ɗalibai da malamai ta'asa, saboda sun nuna rashin yarda da kama malaminsu Amos Sawyer. Kowa yana kallon ɗan uwansa da tsohon tabo, shi ya sa ƙaramar magana ta albashi kan zama zubar da jini.

Abin da nake so ki riƙe shi ne rawar da mata suka taka. A 2003 matan Laberiya, Musulmi da Kirista, suka haɗa kai, suka sa fararen tufafi, suka zauna a fili kusa da kasuwar kifi ta Monrobiya, rana da ruwan sama, suna addu'a suna neman a daina yaƙi. Leymah Gbowee ce ta ja gaba, Asatu Bah Kenneth kuma ta tattaro mata Musulmi. Wasunsu har Akra suka bi masu sulhu, suka zauna a bakin ƙofa suka ce babu mai fita sai an daidaita. Ba su jefi kowa ba, ba su ƙona komai ba, amma an ji su.

Ni a ganina, malamin da ya nemi haƙƙinsa bai yi laifi ba, domin addininmu ma ya yi umarni a biya ma'aikaci ladansa ba tare da jinkiri ba. Ɗalibin da ya ce a koya masa shi ma yana da gaskiya. Amma yaro bai kamata a ce shi ne a gaban kulki ba. In manya suka yi shiru, yara ne ke fita, kuma su ne ke dawowa da rotse.

Saboda haka uwargida, ko ba kya fita, kina da abin yi. In yaro ya dawo daga makaranta, buɗe littafinsa ki ga ko an yi rubutu yau. Ko ba ki iya boko ba, za ki gane shafin da babu komai. Ki tambaye shi, malam ya zo? In kwana uku a jere amsar a'a ce, ki sanar da mai gida ya je taron iyaye da malamai ya ji dalili. Malamar Islamiyyar da ke koya wa 'ya'yanki, kada ki riƙe mata kuɗin wata. In kuma an shiga yajin aiki, ki san inda ɗanki yake wuni da waɗanda yake tare da su, ki zaunar da shi ki ji damuwarsa tun kafin wani ya riga ki. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya ba mutanen Laberiya zaman lafiya mai ɗorewa, mu ma Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a. A nan zan dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A gaida mai gida da yara, ku huta lafiya.